Darasi na Goma Sha Biyu: Soket Mai Baki Uku da Mai Baki Huɗu

Ɗalibi, a ƙasarmu igiya da rana su ne ke busar da wanki. A Amurka kuwa, gidaje da yawa suna dogara ne da injin busar da tufafi. Wannan inji yana cin wuta ƙwarai, shi ya sa ake ware masa soket nasa mai ƙarfin bolt 240.

Idan ka shiga tsohon gida a can, za ka iya tarar da soket mai baki uku. Wayoyi biyu suna kawo wuta, ta uku kuma tana mayar da ita. Da wannan ta ukun ake haɗa gangar jikin injin. A nan haɗarin yake, domin idan ta tsinke ko ta kwance, wuta sai ta bi jikin injin. Duk wanda ya taɓa shi, tana iya jan sa har lahira.

Saboda haka ne a shekarar 1996 dokar haɗa wayoyin lantarki ta Amurka ta wajabta soket mai baki huɗu a sababbin gine-gine. Waya ta huɗu ita ce wayar ƙasa. Idan wuta ta taɓa jikin injin, sai ta bi ta cikinta, na'urar tsaro kuma ta katse wutar nan take.

Ka lura, sauya soket kaɗai ba gyara ba ne. Wanda ya ɗaura mai baki huɗu alhali wayoyi uku ne a bango, kansa ya yaudara. Mu ma muna da tsofaffin gidaje marasa wayar ƙasa, ga dutsen guga da firji. Idan ka ji ƙauri, ko soket ya yi zafi, ka kashe wutar, ka kira ƙwararren mai gyara. Rigakafi ya fi magani.

Ma'anar Kalmomi
wajabta: mayar da abu dole
ƙauri: warin abin da ya ƙone

Tambayoyi
1. Me ya sa ake ware wa injin busar da tufafi soket nasa?
2. Mene ne aikin wayar ƙasa?
3. Wane canji aka yi a shekarar 1996?
4. Me za ka yi idan soket ya yi zafi?