Kodin Da Tiramol: Yadda Suke Tsayar Da Numfashi

Tun da Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan BBC ta tona asirin cinikinsa, wasu iyaye a Kawo da Tudun Wada da Unguwar Rimi suka ɗauka magana ta ƙare. Ina! Kwalba ta yi wuya, yara suka koma wa ƙwayar tiramol.

Allah cikin hikimarSa ya sanya wasu ƙananan kwaɗuna a jikin jijiyoyinmu, a ƙwaƙwalwa da laka da hanji, kowanne da mabuɗinsa. Mabuɗi na halal jiki ne ke ƙera shi, wato sinadarin endofin: ya buɗe, raɗaɗi ya lafa, ya janye. Kodin kuwa, hanta ke juya wani sashensa zuwa mofin, mabuɗin ɓarawo ke nan, wanda ya dace da kwaɗon amma ya fi na gida ƙarfi da daɗewa. In ɓarawo ya yawaita zuwa, mai gida sai ya rage ƙofofi, sauran su yi tauri. Shi ya sa wanda ya fara da ƙwaya ɗaya gobe biyu ba sa isar sa.

To ga inda haɗarin yake. Irin waɗannan kwaɗuna suna nan a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke umartar ƙirji ya ja iska ko mutum na barci. In aka cika su, umarnin sai ya yi rauni. Numfashi ya ragu, ƙwayar ido ta tsuke, leɓe ya yi toka-toka, yaro yana wani irin minshari, uwa tana cewa a bar shi ya huta, alhali rai ne ke fita! In ya haɗa da giya ko maganin barci, abin ya fi sauri. Kaico uban da bai san inda ɗansa ke hira ba, da mai kemis da ya fifita ciniki kan rai, ya manta akwai hisabi.

Ban da wannan, tiramol kan jawo farfaɗiya, kuma shi da kodin duka suna busar da ciki.

Wanda aka tarar numfashinsa ya ragu haka, kada a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya Asibitin Barau Dikko ko mafi kusa. Akwai allurar nalokson da ke ture gubar daga kwaɗon cikin 'yan mintoci, kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha.