Tsagar Ƙwayoyin Jini: Darasi Daga Jikin Biri

Gabatarwa

A wannan ɗan nazari zan yi ƙoƙarin bayyana yadda masana ke bambance fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da ke tsare jiki daga cuta. Na ɗauki biri a matsayin misali domin mu da ke karatu a Gubi ba baƙonmu ba ne: gwaggon biri da jan biri da birin tantalus duk suna nan a dajin Yankari.

Mene ne Alamomin CD?

Idan aka duba waɗannan ƙwayoyi a madubin likita, da yawansu kamarsu ɗaya. To amma kamar yadda a da ake gane asalin mutum ta tsagar fuskarsa, haka kowace ƙwaya take ɗauke da alamomi a bayanta. A taron da aka yi a birnin Faris a 1982 aka fara sa musu suna CD tare da lamba. Ga kaɗan daga ciki:

CD3: alamar ƙwayoyin T baki ɗaya.
CD4: masu ba sauran dakaru umarni.
CD8: masu kashe ƙwayar da cuta ta shiga.
CD20: ƙwayoyin B, waɗanda daga cikinsu ake samun masu sarrafa sinadarin kariya.

Akan zuba wa jini wani sinadari mai launi wanda ba ya manne wa sai alama guda. Daga nan sai ƙwayoyin su bi layi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, na'ura tana ƙirgawa. Irin wannan gwaji ake yi wa mai ɗauke da HIV: lafiyayye yana da CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a maikurolita guda na jini, idan suka yi ƙasa da 200 kuwa, cutar ta zama ƙanjamau.

Inda Biri Ya Bambanta

A nan ake bukatar hattara. A jikin mutum CD56 alama ce ta wasu dakaru masu kisan gaggawa da ake kira NK, amma a jinin birin makak na Asiya galibi wasu ƙwayoyin daban take nunawa. Wanda ya ƙirga da ma'aunin mutum, lissafinsa ya ɓaci.

Haka kuma, biran Afirka dangin tantalus suna ɗauke da SIV, 'yar'uwar HIV, amma da wuya ta kwantar da su. Wani bincike na 2009 ya nuna cewa da yawa daga cikin ƙwayoyinsu kan sauke alamar CD4, wadda ita ce ƙofar shigar cutar, kuma su ci gaba da aikinsu.

Kammalawa

Abin da nake so ɗalibi ya riƙe shi ne, alama ɗaya ba ta isa shaida, sai an haɗa biyu ko uku, an kuma san jinin wace dabba ake dubawa. Da wannan taka-tsantsan ne binciken rigakafin HIV da ake yi a kan birai zai amfani ɗan Adam.