Idan jariri yana yawan dawo da nono

'Ya'yana masu goyon fari, da ku mazajensu, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai maganar da ake yawan ji a ɗakunan masu jego daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har Babura can bakin iyakar Nijar: "Yaron nan ba ya riƙe nono, da ya sha sai ya dawo da shi." Daga nan sai shawara ta yi yawa. Wannan ta ce nonon uwar ne ya ɓaci, waccan ta ce a kira wanzami ya duba beli, wata ta ce maɗiga ce. Ita kuwa uwar, ga ƙuruciya, ga kunyar ɗan fari, sai ta sunkuyar da kai ta bi abin da aka ce. Da ke nake, 'yata.

Yawancin abin da yake firgita ki tumbiɗi ne. Cikin jariri ƙarami ne, kuma ƙofar da ke tsakanin maƙoshinsa da tumbinsa ba ta gama ƙwari ba, kamar bakin buhun da ba a ɗaure shi tam ba, da an karkata shi sai abin ciki ya zubo. Kusan rabin jarirai suna yin haka. Abin yakan fi yawa wajen wata 4, ya ragu idan yaro ya fara zama, mafi yawansu kuma sun daina kafin su cika shekara. Nonon yana gangarowa ne ta gefen baki ba tare da yunƙuri ba, yaron bai damu ba, yana wasa da ƙafafunsa. Cokali ɗaya ma idan ya bazu a kan zani sai ki ɗauka duk abin da ya sha ne ya fito.

To, ta yaya za ki san wanda za ki kwantar da hankali a kansa? Ma'auni ne zai gaya miki. Ido yana ruɗi, musamman idon uwar da take kallon ɗanta dare da rana. Jariri yakan ɗan faɗa a kwanakin farko, amma kafin ya cika mako 2 ya kamata ya koma nauyinsa na haihuwa. Daga nan, a watanni 3 na farko, yakan ƙaru da kamar giram 150 zuwa 200 a mako, wajen wata 5 zuwa 6 kuma ya ninka nauyin da aka haife shi da shi. Ranakun rigakafi na mako 6, da mako 10, da mako 14, duk ranakun awo ne. Ki roƙi malamar asibiti ta ɗora shi a sikeli, ta rubuta a kati, ta nuna miki layin nauyinsa a jikin katin. Idan layin yana hawa, tumbiɗin nan wanki kawai ya ƙara miki. Idan ya kwanta ko ya fara gangarowa, akwai magana. A gida kuma ki lura da fitsari: yaron da yake samun nono yadda ya kamata yana jiƙa tsumma sau 6 ko fiye a yini da kwana, fitsarin fari, ba ja ba.

Sau da yawa gyaran yana wajen kamun nono. Ki zauna ki jingina bayanki, ki juyo da yaron gaba ɗaya cikinsa ya haɗu da cikinki. Ki taɓa leɓensa da kan nono, ki jira ya wangale baki sosai, sannan ki jawo shi. Haɓarsa ta taɓa nonon, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nonon ya shige bakinsa da yawa. Za ki ga kumatunsa sun cika, yana ja a hankali, yana haɗiya kina ji. In kan nonon kawai ya kama, iska zai yi ta sha, ke ki ji zafi, shi kuma bai ƙoshi ba. Kada ki yi saurin sauya masa ɓangare. Nonon da ke fara zuwa tsinkakke ne, mai maiƙon da ke sa ƙiba yana ƙaruwa ne yayin da nonon yake raguwa, don haka ki bar shi ya saki da kansa. Ki ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, sau 8 zuwa 12 dare da rana. Ya gama, ki ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa ya yi gyatsa, ki riƙe shi a miƙe kamar minti 20. Kada ki tamke masa ciki da majanyi nan take. Barci kuwa a rigingine za ki kwantar da shi, ko da yana tumbiɗi.

Nononki bai ɓaci ba, 'yata. Wannan zargin ya raba yara da yawa da abincinsu, aka koma madarar gwangwani da ruwan da ba a tafasa ba, gudawa ta biyo baya, tamowa ta shigo. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2, wa'adin da mu ma muka sani a Alƙur'ani. Ko a zafin bazara na Afrilu bai buƙatar ruwa, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Jiƙo da ruwan dabino da koko suna cinye gurbin nono a ɗan ƙaramin cikin nan. Ke ce za ki sha ruwa, ki ci tuwonki da miyar ganye, da wake, da zogale, da ƙwai in ya samu.

Amma akwai aman da ba a kwana da shi a gida. Jariri ɗan mako 2 zuwa 8, galibi namiji, ya sha nono sai ya feso shi da ƙarfi har ya tsallake cinyarki, ya kuma nemi nono da yunwa nan take, kullum abin yana ƙaruwa, kashi ya ragu, jiki yana zubewa. Wannan sau da yawa mafitar tumbi ce ta yi kauri ta toshe. Da hoton ciki ake gane ta, ƙaramin aiki ne ke buɗe ta, yara kuma suna warkewa sarai idan an zo da wuri. Haka idan aman kore ne shar, ko da jini a ciki, ko ciki ya kumbura, ko jiki ya yi zafi, ko yaro ya ƙi kama nono ya yi laƙwas. A tafi Babban Asibitin Kazaure ko na Babura a ranar, ko dare ne. In suka ce a wuce Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, a kama hanya kada a ce sai an yi shawara.

Maɗigar da ta faɗa alama ce ta ruwan jiki ya ƙare. Shafa mata magani a ka ba zai mayar da ruwan ba. Belin da ake cewa shi ke jawo amai kuwa, kowane ɗan Adam da nasa aka halicce shi. Yanke shi a jikin yaron da ya riga ya galabaita yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, zafin kuma ya hana shi tsotso a lokacin da ya fi buƙata. Ina girmama iyayenmu da suka yi haka, da abin da suka sani suka yi, da ƙauna kuma suka yi. Mu yau an nuna mana abin da ba a nuna musu ba.

Kai kuma ɗana, maigida, matarka ba za ta iya yi wa mahaifiyarka musu ba, kai ne za ka yi magana da Inna cikin ladabi. Ka ajiye kuɗin mota tun kafin a buƙata, ka raka ta awo, ka rage mata aikin gida ta samu zama da yaron. In kun je gaban likita, ku tafi da katin awo, ku faɗi ranar da aman ya fara, launinsa, ko feshi yake yi, fitsari sau nawa tun jiya, da duk abin da aka ɗura wa yaron a gida, kada ku ɓoye ko ɗaya.