Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Shawara Ga Masu Jinyar Ramamme

Wata biyu kawuna yana ƙara wa bel ɗinsa huda da ƙusa, mu kuwa muna tsokanarsa wai samartaka ce ta dawo. Zoben azurfarsa ya yi masa yawa, ya mayar da shi ɗan yatsan tsakiya. Ran da tari ya kai mu asibiti, kafin komai ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, cire takalmi ka hau sikeli." Kilo 46, ga mutum mai tsawon mita 1.7. Gwajin kaki ya nuna tarin tibi.

Kullum ƙiba ake yi mana wa'azi a kanta, ramamme kuwa sai a ce "jikinsa ne haka". Alhali jikin da abinci bai ishe shi ba naman kansa yake ci. Garkuwarsa ta yi rauni, ciwo ya daɗe bai warke ba, ɗinkin tiyata ya ƙi kamewa. Ƙirji ya rasa ƙarfin fitar da kaki, limoniya ta samu ƙofa. In kwanciya ta yi tsawo, ƙashin ƙugu ya dinga gugar katifa har gyambo ya buɗe. Cuta na kawo rama, rama na ƙara wa cuta ƙarfi. Ga yadda za a tsinke wannan igiya.

Da farko, auna, kada ka yi ƙiyasi da ido, domin babbar riga da hijabi suna ɓoye rama. Ka ninka tsawon mutum a mita da kansa, ka raba nauyinsa da abin da ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban da sakamakonsa ya gaza 18.5 nauyinsa ya yi ƙasa, wanda ya gaza 16 kuma ya yi mummunar rama. A sauƙaƙe, mai tsawon mita 1.6 kada ya sauka ƙasa da kilo 47, mai mita 1.7 kada ya sauka ƙasa da kilo 53. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 kuwa damtsensa ake aunawa da tef mai launi. In ya gaza santimita 11.5, wato ja, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar.

Na biyu, nemi dalili. Siririn da aka haifa siriri, mai ci mai aiki, daban yake da wanda ke zubewa. Duk wanda ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida ba da niyya ba, misali kilo 3 daga kilo 60, ya je a bincika. Tibi, ciwon suga, cuta mai karya garkuwar jiki, tsutsar ciki, daji da ciwon damuwa duk suna iya fara sallama da rama. Tsoho kuma a leƙa bakinsa, wani lokaci haƙori ne ya hana shi tauna.

Na uku, faɗi nauyin kafin a rubuta magani. Ƙwayoyin tibi da nauyi ake ƙirga su, kuma ana ƙara su in mara lafiya ya murmure, shi ya sa ake awo duk wata. Ko farasitamol, adadin da ƙato zai sha a yini yana iya yi wa hantar wanda bai kai kilo 50 ba yawa. In an sa ranar tiyata, a tambayi likita ko akwai sararin gina jikin tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, ciyarwa kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Tulin tuwo a gaban mara lafiya kashe masa sha'awa yake yi. A ba shi kunun gyaɗa mai kauri da safe, dafaffen ƙwai ko awara da hantsi, wake ko alale da rana, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da la'asar, fura da kindirmo kafin barci. A zuba cokalin man gyaɗa ko manja a kwanonsa, a daka busasshen kifi a barbaɗa a miya. Ruwa a sha bayan an ci, kada ya cika ciki. Nono a tabbata an tafasa shi. Abinci ba kwalliya ba ne a jinya: a jihar Jharkhand ta Indiya, wani bincike da aka fitar a 2023 ya nuna ba iyalan masu tibi tallafin abinci ya rage kamuwarsu da kusan kashi 40 cikin 100. Sai dai wanda ya yi kwanaki bai ci komai ba, kada a ɗura masa lokaci guda. Gishirin jini na iya rikicewa har zuciya ta taɓu, don haka a asibiti ake fara ciyar da irinsa.

Na biyar, a guji sha-ka-fashe. Da yawa daga cikin ƙwayoyin ƙiba da ake haɗa wa 'yan mata da amare akwai dexamethasone a ciki. Kumatu ne ke kumbura, tumbi ya fito, hannu da ƙafa su sirance. Yana ɗaga suga da hawan jini, yana danne garkuwa, har ya tada tibin da ke kwance. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, ta ga likita ya rage mata a hankali.

Kawu ya cika wata shida yana shan magani. A katinsa, 46 ta zama 48, ta zama 51, ran sallama 54. Bel ɗin na nan rataye a ƙusa da hudojinsa uku na ƙari. Ya hana a jefar, wai duk ran da ya sake neman ɗaya daga cikinsu, a ɗauko masa takalmi a nufi sikeli.