Ɗan Shekara 16 da Mustang ta 1966: Yadda Zai Shawo Kan Iyayensa

A gidajen Amurka da yawa, rigimar takan fara ne da hoto a waya. Yaro ya cika shekara 16, ya karɓi lasisin tuƙi ko yana dab da karɓa, ya kuma tara 'yan daloli daga aikin hutu a gidan abinci ko yankan ciyawar maƙwabta. Ana tsakiyar cin abincin dare sai ya miƙa wa mahaifinsa wayar. Wata Ford Mustang ce ta 1966, ja, fentinta ya ɗan koɗe, mai ita yana neman kai da ita. Uban ya daɗe yana kallo, don shi ma ya taɓa kwana da kwaɗayin irinta. Uwar kuwa tambaya ɗaya ta yi: "Tana da jakar iska?" Ba ta da ita. Nan hira ta mutu, yaro ya shige ɗaki yana ganin an ƙi fahimtarsa.

Sha'awar tasa ba shirme ba ce. Motocin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji sun fito ne a wani ɗan taƙi, daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji mai silinda takwas ya cusa a jikin matsakaiciyar mota, ya kira ta GTO, da ƙarfin doki 325. A watan Afrilun shekarar Ford ta fito da Mustang a bikin baje kolin duniya na New York, kuma kafin a cika shekara biyu ta sayar da miliyan guda. Sai Camaro da Charger da Chevelle da Road Runner suka biyo baya. Fim ɗin Bullitt na 1968, inda Steve McQueen ya fafari wata baƙar Charger a titunan San Francisco da koriyar Mustang, ya ƙara musu farin jini, har aka yi gwanjon ita wannan Mustang ɗin a 2020 kan kuɗin da ya haura dala miliyan 3. Yaran yanzu kuma sun taso suna kallon Charger ta 1970 a finafinan Fast & Furious. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan injin yana diri, ƙasa tana ɗan girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa, ba zai yi wa yaron dariya ba.

Inda yaran ke kuskure shi ne hanyar da suke bi. Kusan kowanensu yakan fara da ƙoƙarin nuna wa iyayensa cewa motar ba ta da haɗari: ai ƙarfen da ya fi na yanzu kauri, ai motocin yanzu gwangwani ne. Wannan hujja ba ta tsayawa, kuma iyaye da dama sun riga sun ga abin da ya rushe ta.

A 2009 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta don binciken lafiyar hanya, ta cika shekara 50. Sai ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 karo, gaba da gaba, kowacce tana gudun kimanin kilomita 64 a awa. Gani ya kori ji. Gaban Malibu ya lanƙwashe kamar yadda aka tsara shi, ya shanye bugun, mazaunin direba ya tsaya cik, jakar iska ta tare kan mutum-mutumin da ke ciki. Bel Air kuwa ɗakin direban ne ya rufta: gilashin gaba ya fice, ƙofa ta tauye, sitiyari ya taso ya daki mutum-mutumin a kai. Bel Air ba ta cikin masu ƙwanji, amma tunanin da aka ƙera ta da shi bai canza sosai ba zuwa tsakiyar shekarun 1960.

A ɗauki Mustang ta 1966 ɗin da ke cikin wayar. Bel ɗinta na ƙugu ne kawai, babu wanda ke ratsa kafaɗa, domin sai a 1968 dokar tarayya ta tilasta shi. Kujerunta ba su da matokarin ƙeya, wanda ya zama dole a 1969. Sandar sitiyarinta ƙarfe ne miƙaƙƙe da ba ya naɗewa in an yi karo, ƙirjin direba yake nufa. Galibinsu birkin ganga ne a tayoyi huɗu, wanda ke rage kamawa in ya yi zafi a gangara. Man birkin kuma layi ɗaya yake bi, in bututu ya tsage a wuri guda birkin duka ya tafi. Akwai wani abu ma da masu sha'awar motar ba su cika faɗa ba: a Mustang na farko-farko, saman tankin mai shi ne daɓen but, kuma babu katangar ƙarfe tsakanin but ɗin da kujerar baya. In aka dake ta da ƙarfi daga baya, fetur na iya shigowa inda mutane suke.

A kan wannan sai a ɗora direban da kansa. Alƙaluman IIHS sun nuna cewa in aka auna da nisan tafiya, matasa 'yan shekara 16 zuwa 19 sun ninka waɗanda suka haura 20 kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ke kisa. Na'urar da ke hana mota kufcewa a kwana, wadda ta zama tilas a sababbin motocin Amurka daga ƙirar 2012, tana rage haɗarin kisa na mota ɗaya da kusan rabi. Irin kuskuren sabon direba take gyarawa: ya shiga kwana da gudu, ya firgita, ya fizgi sitiyari. Tsohuwar mota mai tura kanta da tayoyin baya, gabanta da nauyi bayanta sakayau, in ruwa ya jiƙa titi sai gindinta ya juya kafin yaron ya san me ake ciki. Uwar da ta tambayi jakar iska tana da gaskiya, kuma yaron da ya fara maganarsa da amincewa da haka ya riga ya ci rabin tafiya.

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ya canza abin da yake roƙo. Matsalar ba mallakar motar ba ce. Matsalar ita ce ta zama motar zuwa makaranta kullum, da ruwa da ƙanƙara, da dare da rana. Ya nemi a bar shi ya saye ta a matsayin motar gyara, ta zauna a gareji, shi kuma ya riƙa zirga-zirga da tsohuwar motar gidan ko wata mai araha da ke da kayan kariya na zamani. IIHS da mujallar Consumer Reports suna fitar da jerin motocin hannu da suka dace da matasa, kuma ba sa sa masu ƙarfin inji fiye da kima a ciki. Yaron da ya zo da sunan mota ɗaya daga wannan jeri, ya ce, "Mama, wannan zan hau zuwa makaranta, waccan kuwa ni da Baba za mu gyara," ya cire wa mahaifiyarsa abin da ke hana ta barci.

Wasu kan ce a raba gardama, a saya masa Mustang ta zamani tunda tana da jakar iska. Wannan ba mafita ba ce. Ƙirar 2011 mai silinda shida, wadda ake ɗauka ƙarama, ƙarfin doki 305 gare ta, ta fi kowace Mustang ta talakawa da Ford ta sayar a 1966. Mai silinda shida ta 1966 ƙarfin doki 120 ne kawai a lissafin wancan zamani, wanda ma ya fi na yanzu zuzutawa. Ga wanda siffar motar da ƙamshinta da ƙarar ƙofarta ke burgewa, wannan ta 1966 mai silinda shida ita ce ta dace. Ta fi araha, injinta a fili yake hannu na kaiwa ko'ina, kuma kayan gyaranta sababbi suna nan birjik.

Sai maganar kuɗi, inda yawancin yara ke faɗuwa. Suna kawo farashin saye su tsaya nan. Iyaye kuwa lissafinsu ya wuce haka, domin su ne doka ta sani. A mafi yawan jihohi wanda bai kai 18 ba ba ya ƙulla yarjejeniyar da za ta ɗaure shi, don haka inshora da sunan iyaye za a yi ta. A jihohi irin su Kalifoniya da Fulorida, uba ko uwar da ta sa hannu a takardar lasisin yaro ta ɗauki alhakin ɓarnar da sakacinsa zai jawo. Kamfanonin da suka ƙware a inshorar tsofaffin motoci, irin su Hagerty da Grundy, kuɗinsu da sauƙi, amma suna gindaya sharaɗi: motar ba ta hawan yau da kullum ba ce, sai kowane direba a gidan yana da wata motar, kuma ba su cika maraba da wanda bai daɗe da lasisi ba. Yaron ya sa a kira wakilin inshorar gidansu a ji farashi na gaskiya, ya rubuta a takarda. Tarihi ma yana tare da iyayen a nan, don tsadar inshorar matasa tana cikin abubuwan da suka karya kasuwar waɗannan motoci tun wajen 1970, kafin dokokin hayaƙi da tsadar man 1973 su ƙarasa ta.

A takardar ya sa mai, domin manyan injunan nan kan ci lita guda a kilomita huɗu ko biyar. Ya sa gyaran da ba makawa. An ƙera injunan ne don fetur mai dalma, wanda Amurka ta haramta a motocin titi tun 1996, kuma fetur ɗin yanzu mai gaurayen sinadarin itanol yana cinye tsofaffin robobin bututu da na kafireta. Wanda ya san halin Peugeot 504 da sanyin safiya, a ja cok, a taka totur, a jira, ya san irin lallashin da injunan nan ke buƙata. Sannan kafin motar ta taka titi akwai abubuwa huɗu da bai kamata a yi ciniki a kansu ba: birkin faifai a gaba tare da tukunyar man birki mai layi biyu, bel mai ratsa kafaɗa da kujeru masu matokarin ƙeya, sababbin tayoyi, da farantin ƙarfe a kan tankin mai da bayan kujerar baya. Ya faɗa wa iyayensa da bakinsa cewa duk wannan ba zai mayar da ita Malibu ba. Ragewa yake yi kawai.

Ranar duba motar kada ya je shi kaɗai, kuma kada ya je da yamma. Fenti mai sheƙi ba ya nuna komai. Ya tafi da tocila da ɗan maganaɗisu, ya bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi yana mannawa. Inda maganaɗisun ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ne a wurin ba, ƙullun cike rami ne aka shafa aka fente. Ya ɗaga darduma ya duba daɓen, ya kwanta ya haska ƙarafan ƙasa. A Mustang akwai gwaji mai sauƙi: a zuba ruwa a ramukan iskar da ke gindin gilashin gaba, in ya ɗigo a ƙafar direba, tsatsa ta ci wurin, kuma gyaransa sai an yanka an yi walda. Motar da ta yi rayuwarta a Michigan ko Ohio, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ta fi ta Arizona shan wannan wahala. Kuɗin da za a biya makaniki ya duba ta kafin a saya shi ne mafi albarka a duk cinikin.

Abin da ya rage shi ne yaron ya nuna hali, kuma wannan lokaci yake ci. Jihohin Amurka duka suna ba matasa lasisi ne mataki-mataki. A Kalifoniya sai ya yi awa 50 yana tuƙi da babba a gefensa, 10 daga ciki da dare, kuma a shekararsa ta farko ba ya tuƙi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, ba ya ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 20 sai da babba a motar. Ya bi wannan ba tare da an tuna masa ba. Ya nemi da kansa a kai shi makarantar kwana ɗaya irin Tire Rack Street Survival, ko B.R.A.K.E.S., wadda ɗan tseren mota Doug Herbert ya kafa bayan 'ya'yansa biyu sun rasu a haɗari a 2008. A can ake jiƙa fili a sa yaro ya ji yadda mota ke kufcewa, ya koyi dawo da ita. Sannan ya rubuta sharuɗɗan da kansa ya kawo: shekarar farko Baba na gefe, da rana kawai, ba ruwa ba abokai, ba babbar hanya, kuma tikitin gudu ɗaya ya mayar da makulli hannun Mama.

Ga iyayen ma akwai magana. Yaron da ke son kwance kafireta ya wanke, ya koyi saita fulogi, ya tara kuɗi wata shida don sayen birki, yana neman abin da iyaye da yawa ke addu'ar 'ya'yansu su nema. "A'a" ɗin da ba ta da bayani takan sa ya jira ya cika 18 ya sayo mafi muni a ɓoye, ba duba ba gyara. Ranakun Asabar a gareji, uba na riƙe da tocila ɗa na ƙarƙashin mota, ba ƙaramar riba ba ce.

In bayan duk wannan suka ce ba yanzu ba, to ya karɓa ba tare da buga ƙofa ba. Wataƙila gidan babu gareji, ko aljihun ba zai ɗauki mota biyu ba. Ya ci gaba da tari, ya riƙa zuwa tarukan safiyar Asabar da masu tsofaffin motoci ke yi a filayen ajiye motoci, inda dattawa ke buɗe bonet da murna ga duk yaron da ya yi tambaya, ya nemi aikin hutu a garejin da ke gyara irinsu. Ford ta ƙera Mustang fiye da 600,000 a ƙirar 1966 kaɗai, kuma wata daga cikinsu za ta fito kasuwa a shekarar da ya cika 19 da lasisi mai tsabta a aljihunsa.