Amsoshin Tambayoyinku: Shin Kiristoci Ma Suna da Waliyyai?

Wani mai sauraronmu daga Jega yana tambaya ko Kiristoci na da waliyyai, kuma ko bauta musu suke yi. To, malam, suna da su, musamman 'yan ɗariƙar Katolika. Sai bayan mutum ya rasu ake bincika rayuwarsa, a tabbatar da wata mu'ujiza ta dalilinsa, kafin Paparoma ya amince. Misali Fada Cyprian Tansi, ɗan Aguleri a Jihar Anambra, wanda ya rasu a Ingila a 1964. Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana shi mai albarka a 1998, matakin da ke gab da waliyyanci.

Wani zai ce ai roƙon mamaci bauta ce. Majami'u irin su ECWA ma haka suke gani, shi ya sa ba sa yi. Katolika kuwa sun ce Allah kaɗai ake bauta wa, waliyyi ana neman ya taya addu'a ne kawai. A ganina, mutumin Jega da ya san muhawarar malamanmu kan tawassuli da ziyarar kabarin Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu ba zai ga wannan saɓani baƙo ba.