Gidan Talabijin da Taswirar da ke Cikin Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya daɗe yana kallon wasan kwaikwayo na barkwanci a talabijin, irin wanda ake nunawa mako-mako a gida guda, yakan ji kamar ya san gidan ciki da bai. Yana iya faɗin inda ɗakin girki yake, da ƙofar da baƙi ke shigowa, alhali bai taɓa sa ƙafarsa can ba. Amma da za a miƙa masa takarda da fensir a ce ya zana fasalin gidan, sau da yawa ɗakunan sai su ƙi haɗuwa. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, da abin da yake koyarwa game da aikin ƙwaƙwalwa.

Gidan Brady

Misali mai kyau shi ne wasan The Brady Bunch, wanda aka nuna a Amurka daga 1969 zuwa 1974. Labari ne na miji da mata da 'ya'ya shida, maza uku mata uku, a gida guda, kuma sana'ar maigidan ita ce zanen gine-gine. Mai kallo yana ganin falo mai faɗi da doguwar matakala da ke hawa bene, inda ɗakunan kwana suke. To amma gidan da ake nunawa daga waje wani gida ne na gaske a birnin Los Anjelas, wanda a lokacin ba shi da cikakken bene irin wannan. Sai da masu shirin suka manna masa tagar ƙarya a sama don ya yi kama da mai hawa biyu. Cikin gidan kuwa an kafa shi ne a zauren ɗaukar hoto na kamfanin Paramount.

Ɗakunan irin wannan zaure galibi bango uku gare su, domin gurbin na huɗun nan ne kyamara ke tsayawa. Rufi ma akan bar shi a buɗe saboda fitilu. A 2018 tashar HGTV ta sayi gidan na gaske a kan dala miliyan 3.5, kuma sai da aka yi masa ƙarin gini mai yawa, har da bene, kafin cikinsa ya dace da abin da jama'a suka saba gani.

Taswirar cikin kai

Me ya sa miliyoyin masu kallo ba su damu da wannan saɓani ba? Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa. A 1948 wani masani ɗan Amurka, Edward Tolman, ya yi nazarin ɓeraye a cikin akwati mai lunguna da yawa, ya bayyana cewa ɓera yakan riƙe wata irin taswirar wurin a kansa, har ya iya zaɓar gajeriyar hanya zuwa abinci. A 1971 John O'Keefe, a Landan, ya gano wasu ƙwayoyin jijiya a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, waɗanda kowace ke motsawa idan ɓeran ya isa wani takamaiman wuri. A 2005 kuma May-Britt Moser da Edvard Moser, a ƙasar Norwe, suka gano wasu ƙwayoyin a kusa da nan masu taimakawa wajen auna tazara, tamkar layukan da ke kan taswira. Su ukun sun sami lambar yabo ta Nobel a 2014. Haka nan binciken Eleanor Maguire na shekarar 2000 ya nuna cewa ɓangaren baya na hifokamfas ya fi girma a wurin direbobin tasi na Landan, waɗanda ke haddace titunan birnin.

Ƙwaƙwalwa takan gina wannan taswira ne daga guntayen bayanai. Mai tafiya da ƙafarsa yana samun taimakon ƙirgen taku da juyawar jiki. Mai kallon talabijin kuwa ido kawai gare shi. Idan ɗan wasa ya fita ta ƙofar dama, sannan aka nuno shi a ɗakin girki, ƙwaƙwalwa sai ta yanke hukunci cewa ɗakin girkin yana dama da falo. Inda ta sami giɓi sai ta cike shi da zato, ba tare da mai ita ya sani ba.

Gwaji don aji

Malami na iya sa ɗalibai su zaɓi wasa guda da suke kallo, su bi matakai huɗu:

1. A ɗauki ɗakin da aka fi nunawa, a zana shi a tsakiyar takarda, a bar bangon da ba a taɓa gani ba a buɗe.
2. A ƙirga ƙofofi da tagogi, a rubuta inda kowace ƙofa ke kaiwa duk lokacin da wani ya bi ta.
3. A ƙiyasta girman ɗaki da ma'aunin da aka sani. Tsawon ƙofar ɗaki kimanin mita 2 ne.
4. A zana abin da ido ya gani da biro, abin da aka yi zato kuma da fensir, sannan a kwatanta zanen da hoton gidan daga waje.

Ɗalibai za su tarar fensir ya fi biro yawa a takardarsu, kuma zanen wani ya saɓa wa na wani a daidai wuraren da fensir ya yi aiki.

Kammalawa

Aikin masanin halittu bai yi nisa da wannan ba. Yakan yanka ganye ko ƙoda sirara-sirara, ya duba kowane yanki a madubin ƙara girma, sannan ya harhaɗa siffar gaɓar daga abin da ya gani. Ɗalibin da ya zana abin da ya haddace a littafi a maimakon abin da ke gaban idonsa ya bar zato ya ci gurbin shaida. Hausawa kan ce gani ya kori ji, to amma shi kansa ganin yana bukatar awo. Sharaɗin farko na bincike shi ne mutum ya san iyakar abin da ya gani, da inda zatonsa ya soma.